Majigi a ɓoye: muhawarar zaure kan 'yan fim ɗin Cine Liberación na Ajantina

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya da muke zancen fim da siyasa, Nura ya ce ya sha jin an kama wanda ya yi fim, amma bai taɓa jin an kama wanda ya kalla ba. Na yi alkawarin kawo labarin ƙasar da kallon ma laifi ne, to ga shi.

A watan Yunin 1966 soja suka ƙwace mulki a Ajantina, Janar Juan Carlos Onganía ya hau. Ya rufe majalisa, ya rushe jam'iyyu, wata guda bayan haka 'yan sanda suka kutsa Jami'ar Buenos Aires da kulake suka fito da malamai da ɗalibai jina-jina. A shekarar ce wasu mutum biyu 'yan kimanin shekara 30, Fernando Solanas da Octavio Getino, suka duƙufa ɗaukar wani fim ba da sanin hukuma ba. Solanas ɗan talla ne, kamfani gare shi na yi wa 'yan kasuwa tallar hajarsu, kuma da ribar tallar yake ɗaukar nauyin aikin. Getino a Sifaniya aka haife shi, ya zo Ajantina yana saurayi, marubuci ne da ya taɓa harkar ƙwadago. Na ukunsu Gerardo Vallejo, mutumin Tucumán, lardin rake da sukari. Suka raɗa wa kansu suna Cine Liberación, wato fim don 'yanci.

Fim ɗin shi ne La hora de los hornos, a Hausance Lokacin Tanderu. Kashi uku ne, tsawonsa ya haura awa huɗu. An fitar da shi daga ƙasar a ɓoye aka ƙarasa haɗa shi a Italiya, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na garin Pesaro a watan Yunin 1968. A gida kuwa babu silimar da ta isa ta haska shi. Sai a ɗauki majigi a kai gidan wani ma'aikaci, ko ofishin ƙungiyar ƙwadago, ko bayan coci, a rufe taga, a tara mutane kaɗan da aka yarda da su. In an kama ku, da mai majigi da mai gida da 'yan kallo duk kuna cikin haɗari.

Nura Edita:
Wa alaikumus salam Malam. Awa huɗu? A ɗaki a rufe, kuma cikin tsoro? Wa zai iya zama?

Malam Habibu:
Ai ba a zaune ake shanye shi kamar fim ɗin Indiya ba. Nan ne ma dabarar take. A kashi na biyu akwai wuraren da fim ɗin da kansa yake tsayawa, hoto ya ɗauke, murya ta ce a kunna fitila, yanzu magana ta koma hannun waɗanda ke ɗakin. Wanda ya kawo majigin sai ya buɗe tattaunawa: abin da muka gani gaskiya ne? A masana'antarmu me za mu yi? Ana zagayawa da mate, shayin ganyensu da ake sha a ƙoƙo ɗaya da tsinke ɗaya. In an gama a kashe fitila a ci gaba. Su a wurinsu taron shi ne aikin, fim ɗin dalilin taruwa ne kawai.

Zainab A.:
Malam, na kalli kashi na farko bara lokacin da nake rubutu kan tarihin Kudancin Amurka. Ba zan ɓoye ba, ya girgiza ni. Amma kafin a yi nisa da yabo ina so a ambaci ƙyallen da suke ratayawa a wurin nunin, mai ɗauke da maganar Frantz Fanon, marubuci mai yaƙi da mulkin mallaka, cewa duk ɗan kallo ko dai matsoraci ne ko maci amana. Ni wannan maganar ta tsaya mini a rai. Mutum ya saɗaɗo cikin dare, ya jefa kansa da iyalinsa cikin haɗari don ya ga fim ɗinka, abin da zai fara cin karo da shi zagi? Kuma tattaunawar da ake cewa an buɗe, wace irin tattaunawa ce in an riga an gaya maka cewa rashin yarda cin amana ne?

Malam Habibu:
Zainab, Fanon a tsakiyar yaƙin Aljeriya ya rubuta wannan, littafin ya fito 1961, yana nufin wanda ya naɗe hannu yana kallon ana yanka 'yan'uwansa. Su Solanas kuma sun bayyana a rubuce cewa wanda ya yanke shawarar zuwa irin wannan nuni ya riga ya fita daga sahun 'yan kallo, ya zama abokin aiki tun daga bakin ƙofa. Ƙyallen ba da shi yake ba, da wanda ya ƙi zuwa yake.

Zainab A.:
Wanda ya ƙi zuwa ai ba zai ga ƙyallen ba, Malam. Wanda ya zo ne yake karantawa.

Hajiya Rabi:
Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana. Ni ban san Sifaniyanci ba, ban kalli fim ɗin ba, amma na shekara fiye da 20 a ƙungiyar malaman makaranta, har da zamanin soja. Zainab, abin da kike faɗa gaskiya ne ta fuska ɗaya. Taron ɓoye yana da wani nauyi da wanda bai zauna a cikinsa ba ba zai gane ba. Kowa na kallon kowa, wanda ya yi tambaya mai kaifi sai a fara tunanin ko ɗan leƙen asiri ne. Na ga mutumin kirki ya haɗiye maganarsa saboda haka, daga baya ta tabbata shi ne mai gaskiya. Amma ta ɗaya fuskar, a lokacin da rediyo da jarida duk bakinsu ɗaya da gwamnati, ɗakin nan shi kaɗai ne wurin da lebura zai ji wani ya faɗi abin da ke ransa da babbar murya. Ban raina wannan ba, ba kuma zan taɓa raina shi ba.

Nura Edita:
Na samo kashi na farko na kalli kusan rabi yanzu. Wallahi Malam hannun ɗan talla a fili yake. Akwai inda ake nuna mayanka, ana dukan shanu a ka da guduma, jini na malala, sai a yanko hoton tallar kayan ƙawa da mata masu murmushi, a koma kan saniya tana shure-shure, a ƙarƙashi kuma kiɗa mai sanyi na tashi. Babu wanda ya ce maka komai amma ka fahimci ƙasar ce ake yankawa ana sayarwa waje. Sai kuma wurin baje kolin bijimai na manyan masu gonaki, mai gwanjo na yabon asalin sa, kyamara na kan fuskokin attajirai. Rubutu fari a kan baƙin allo yana tsalle yana bin ganga. Mu da muke yanka hoto a kwamfuta da danna maɓalli, waɗannan da almakashi da gam suka yi.

Abin da ya fi taɓa ni yaran da ke bin jirgin ƙasa a guje a gefen gada suna roƙon fasinja su jefo musu kwabo.

Malam Habibu:
Wannan yankin aro suka yi daga wani tsohon fim na Fernando Birri, Tire dié, wanda ya yi da ɗalibansa a Santa Fe. Vallejo ma a makarantar Birri ya koyi aiki. Ka ga ba daga sama suka faɗo ba, akwai waɗanda suka share musu fage.

Ka ƙarasa, Nura. In ka kai ƙarshe ka dawo ka gaya mana.

Baba Ɗanjuma:
Salamu alaikum. Jikana ne yake karanta mini, ni nake faɗa yana rubutawa. Da na ji ana ta majigi majigi sai na tuna yarinta. Mota ce take zuwa garinmu, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi bayan isha'i, a tayar da inji. Wani mutum yana tsaye da lasifika yana fassara mana abin da ke cikin hoton: a wanke hannu, a biya haraji, a shuka gyaɗa a layi, ga manya sun kai ziyara wuri kaza. Mu dai murna muke, ba mu taɓa ganin hoto na motsi ba. Sai da na girma na gane ashe mai lasifikar nan shi ne fim ɗin, abin da ya ga dama shi muke gani. To tambayata ga Malam Habibu: su waɗannan na Ajantina, mai tsayawa a gaba ya buɗe tattaunawar, me ya raba shi da mai lasifikarmu?

Malam Habibu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Tambayar ta yi nauyi. Abin da zan ce shi ne, majigin da Baba ya gani hukuma ce ta aiko shi, dogarai na tsaye, kuma ba a ba ku lasifikar ku mayar da amsa. Wannan kuwa hukuma farautarsa take, kuma ana kashe shi don jama'a su yi magana. Amma na yarda da Baba cewa duk wanda ya riƙe inji yana da rinjaye a kan wanda ke zaune a tabarma.

Zainab A.:
Baba ya taɓo inda nake son zuwa. Mu tambaya, su wa suke wa aiki? Kashi na biyu na fim ɗin tarihin Peronanci ne. Ga waɗanda ba su sani ba: Juan Domingo Perón soja ne da ya yi mulki daga 1946 zuwa 1955, ma'aikata na ƙaunarsa shi da matarsa Eva saboda albashi da hutu da 'yancin ƙungiya, a zamaninsa mata suka samu ƙuri'a. A Yunin 1955 jiragen sojan ƙasar suka yi ruwan bama-bamai a dandalin Plaza de Mayo suka kashe mutum fiye da 300, a Satumba aka hamɓarar da shi. Aka kafa dokar da ta hana ko ambaton sunansa. Duk wannan zalunci ne, ban musa ba.

Amma a 1971 su Solanas da Getino suka tafi Madrid, gidan da Perón ke gudun hijira, suka zauna suka ɗauki dogayen hirarraki da shi, suka mayar da su fim biyu aka riƙa zagayawa da su ana nuna wa matasa. Babu tambaya mai zafi, tsoho ne zaune yana ba da darasi. Mutanen da suka rubuta a 1969, a takardarsu ta Hacia un tercer cine da mujallar Tricontinental ta buga, cewa akwai silima ta farko ta Hollywood mai sayar da mafarki, da ta biyu ta darakta mai nuna gwanintarsa, da ta uku wadda tsarin mulki ba zai iya haɗiye ta ba, su ne suka zama masu ɗaukar hoton jagoran jam'iyya. Kuma sakataren Perón a wannan gidan shi ne José López Rega. Ku riƙe sunan nan.

Mamman na Damagaram:
'Yar'uwa Zainab, a yi adalci. A 1971 ina ma'aikatan Ajantina suke? Suna tare da Perón. Shekara 16 ana hana su zaɓen wanda suke so. Su Solanas sun fara aikin da tunanin 'yan boko masu ra'ayin gurguzu, yawon ɗaukar fim ɗin ne ya kai su cikin leburori, suka tarar da abin da leburorin suka yi imani da shi, suka bi su. Kina so su tsaya gefe su ce wa talaka bai san abin da yake so ba? Ai wannan shi ne girman kan da suke yaƙa.

Zainab A.:
Bin talaka daban, bin wanda talaka yake bi daban, Yaya Mamman.

Nura Edita:
Na dawo. Na kai ƙarshe. Fuskar gawar Che Guevara ce, ido a buɗe, ta cika allo, ganga na bugawa, kuma ba a yanke ba. Minti ɗaya, biyu, uku, tana nan. Na ɗauka na'urata ce ta maƙale. A aikinmu in hoto ya wuce daƙiƙa biyar ba motsi furodusa zai ce ka yanke. Nan kuwa sai da na ji kamar shi yake kallona. Na rasa inda zan sa idona.

Malam Habibu:
An kashe shi a Bolibiya a Oktoban 1967, suna tsakiyar aikin, kuma ɗan ƙasarsu ne, haifaffen Rosario. Sunan fim ɗin ma ta hannunsa ya zo: kalmar José Martí ce, mawaƙin Kyuba, wadda Che ya buɗe saƙonsa na 1967 da ita, cewa lokacin tanderu ne, haske kaɗai za a gani.

Zainab A.:
To Nura, ka ga abin da ka ji a jikinka? A 1973 sun taɓa shi. A watan Maris Héctor Cámpora, ɗan takarar Perón, ya ci zaɓe, soja suka koma bariki, Perón ya dawo gida ya ci nasa zaɓen a Satumba da kusan kashi 62 cikin 100. A ƙarshen shekarar aka saki kashi na farko a gidajen silima a fili, karon farko. Sai ga ƙarshen ya canza: an rage tsawon fuskar Che, an ƙaro wasu hotuna har da na Perón. Ba soja ne suka tilasta musu ba, da hannunsu suka yi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ƙari a kan haka, a shekarar aka naɗa Getino shugaban hukumar tace fina-finai ta ƙasa. Mai fim ɗin ɓoye ya zama mai hatimin hukuma.

Malam Habibu:
Maganar Getino kam ba zan bari ta wuce haka ba. Wata uku kacal ya yi a kujerar, kuma abin da ya yi da ita shi ne sakin fina-finan da soja suka kulle shekara da shekaru, na gida da na waje. Har shari'a aka bi shi da ita daga baya saboda wani fim na Bernardo Bertolucci da ya bari a nuna. Wanda ya riƙe hukumar daga 1974, Miguel Paulino Tato, har yau sunansa ake kira a Ajantina in ana zancen almakashin hukuma. Da Getino ya ƙi karɓa, da irin Tato ne zai zauna tun farko.

Canza ƙarshen fim ɗin kuwa, shi ne abin da ya fi damuna a tarihinsu, ba zan yi miki gardamar banza ba. Hujjarsu ita ce tun asali sun ce fim ɗin a buɗe yake, ana ƙarawa ana ragewa gwargwadon halin da ake ciki, kuma 1973 ba 1968 ba ce: a da ana ƙarƙashin bindiga, yanzu jama'a sun zaɓi gwamnati, kiran mutane zuwa ga hanyar Che a lokacin tamkar kiran yaƙi ne da gwamnatin da talaka ya kafa. Na fahimci hujjar. Amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Hajiya Rabi:
Malam Habibu, wannan hujjar na san ta, don na taɓa faɗin irinta da bakina. Duk lokacin da namu ya hau sai mu ce a sassauta murya kada a ba maƙiya dama. Wata shekara mun janye yajin aiki saboda wanda ke kan kujera tsohon ɗan ƙungiyarmu ne, muka ce ba za mu kunyata shi ba. Bashin albashin da muka yi shiru a kansa, akwai malaman da suka rasu ba su karɓa ba. Har yau in na tuna sai in ji nauyi. Don haka ba na zagin waɗannan mutane, amma ba zan ce sun yi daidai ba.

Mamman na Damagaram:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan magana ce ta wanda ya ɗanɗana. Ni dai abin da nake gudu shi ne mu zauna bayan shekara 50 muna yanke musu hukunci alhali mun san ƙarshen labari su ba su sani ba.

Zainab A.:
Akwai wanda ya hango a lokacin, Yaya. Raymundo Gleyzer. Shi ma ɗan Buenos Aires ne, ya kafa tasa ƙungiyar, Cine de la Base, shi ma yana kai majigi unguwannin talakawa. A 1973 ɗin nan ya fito da Los traidores, labarin shugaban ƙwadago ɗan Peronanci da ya fara da gaskiya ya ƙare yana cin kuɗin masu masana'anta, har ya shirya sace kansa da kansa don ya ci zaɓen ƙungiya. Ya nuna ruɓar tana cikin gida.

Alamu ma ba su ɓuya ba. Ranar 20 ga Yunin 1973, ranar da Perón ya dawo, 'yan bindigar ɓangaren dama na jam'iyyarsa suka buɗe wuta kan matasan ɓangaren hagu a hanyar filin jirgin Ezeiza, aƙalla mutum 13 suka mutu. Ranar ma'aikata ta 1974 Perón da kansa ya ci mutuncin matasan a bainar jama'a suka fice daga dandalin. López Rega da na ce ku riƙe sunansa ya zama minista, shi ne ya kafa 'yan kisan da ake kira Triple A.

Malam Habibu:
Gleyzer ma ba ɗan ba-ruwana ba ne, Zainab, ƙungiyarsa na jingine da jam'iyyar 'yan gurguzu ta PRT mai reshen 'yan bindiga. In jingina da jam'iyya ne laifin, shi ma ya jingina. Bambancin dai tasa ba ta taɓa hawa mulki ba, ba a jarraba shi da abin da aka jarrabi su Getino ba.

Amma tunda kin kawo Triple A, bari in faɗi wanda suka kashe. Julio Troxler. A Yunin 1956 'yan sanda suka kwashi wasu mutane cikin dare suka kai su juji a José León Suárez, a wajen Buenos Aires, suka harbe, shi yana cikin waɗanda suka tsira. Ya tsaya gaban kyamarar su Solanas ya ba da labarin daren a cikin Lokacin Tanderu. Daga baya ya fito a fim ɗin Solanas na gaba, Los hijos de Fierro. A Satumban 1974, wata biyu da 'yan kwanaki bayan rasuwar Perón, Triple A suka ɗauke shi suka harbe. Ya tsere wa harsashin maƙiyan Perón, shekara 18 bayan haka harsashin da ya fito daga cikin gwamnatin Peronanci ya same shi. A ƙarshen shekarar aka jefa bam gidan su Vallejo a Tucumán. Shi kuwa Los hijos de Fierro bai ga silimar Ajantina ba sai bayan dawowar mulkin farar hula a ƙarshen 1983.

Hajiya Rabi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi Gleyzer ɗin fa?

Zainab A.:
Soja sun sake juyin mulki ranar 24 ga Maris 1976, Janar Videla. Ranar 27 ga Mayu aka sace Gleyzer a Buenos Aires, yana da shekara 34. Waɗanda suka tsira sun shaida an tsare shi a sansanin ɓoye na El Vesubio. Ba a sake ganinsa ba, babu gawa babu kabari. Yana cikin waɗanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ƙasar ke ƙiyasta sun kai 30,000. Yanzu 27 ga Mayu ita ce ranar masu yin fim kan abubuwan da suka faru a zahiri (documentary) a Ajantina.

Malam Habibu:
Solanas ya tsere zuwa Faris, Getino Peru sannan Meziko, Vallejo Panama sannan Sifaniya. Ƙungiyar ba ta sake haɗuwa a matsayin ƙungiya ba.

Nura Edita:
Ni abin da nake ta juyawa a raina, yanzu kowa na da kyamara a aljihu, ba sai an ɓoye gwangwanin fim an tsallaka da shi teku ba. Amma kowa shi kaɗai yake kallo a waya, ya danna ya wuce. Wanda ya fi su kayan aiki ya cika gari, ɗakin da ake kashe majigi a yi magana ne babu.

Mamman na Damagaram:
Wannan tunanin ba Ajantina kaɗai ya tsaya ba, ƙanena. A Disamban 1973 an yi taron masu fim na ƙasashe masu tasowa a Aljas, babban birnin Aljeriya, 'yan Afirka da 'yan Kudancin Amurka suka zauna tare, Ousmane Sembène na Senegal na cikinsu. Shi ma tsohon lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ɗan ƙwadago, yana ɗaukar silima a matsayin makarantar dare, yana bin fina-finansa gari-gari ya zauna a tattauna bayan an gama. Sai dai shi ya yi fim ya soki manyan ƙasarsa bayan 'yancin kai, almakashin hukuma ma ya taɓa aikinsa. Wataƙila wannan ya ɗan goyi bayan Zainab, na yarda.

Malam Habibu:
Kafin a rufe littafin Solanas a kan 1973, a ƙara wannan. Ya dawo gida, ya ci kyautar darakta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1988 da fim ɗin Sur. Da Carlos Menem, wanda shi ma ɗan Peronanci ne, ya hau mulki ya shiga sayar da kadarorin gwamnati har da kamfanin mai na YPF, Solanas ya fito ya kira abin da sunansa. A Mayun 1991 'yan bindiga suka tare shi suka harbe shi a ƙafafu. Bai yi shiru ba, ya shiga majalisa, ya koma ɗaukar fim kan yadda aka wawushe ƙasar, Memoria del saqueo, 2004. Ya zama sanata a 2013. Korona ce ta kashe shi a Faris a Nuwamban 2020 yana jakadan ƙasarsa a UNESCO, yana da shekara 84. Mutumin da aka ce ya yi wa jam'iyya aski, ga shi ya ɗauki harsashi saboda ya ƙi yi wa shugaban da ya fito daga jam'iyyar shiru.

Zainab A.:
Na san wannan, Malam, kuma ina girmama shi a kai. Amma jarumtar 1991 ba ta mayar da mintocin da aka yanke a 1973 ba. Matasan da suka kalli hirar Madrid a ɗakunan ɓoye suka yarda tsohon nan zai kai su ga juyin juya hali, da yawansu ba su kai 1991 ba.

Malam Habibu:
Ba fim ne ya kashe su ba, Zainab.

Zainab A.:
Ban ce shi ya kashe su ba. Na ce ya taya su yarda.

Baba Ɗanjuma:
Jikana ya karanta mini duka. Ni dai roƙona, in za ku kalla, ku kalla tare, kuma in an zo wurin da ake tsayawa a tsaya ɗin da gaske. Kada Malam Habibu ya riƙe lasifika shi kaɗai, a ba yarinyar nan ma.

Malam Habibu:
An karɓa, Baba. Asabar bayan la'asar, kashi na biyu tunda a nan tsayawar take. Nura zai kawo majigi, ni zan riƙa fassarawa, Zainab ta jagoranci tattaunawar. Hajiya, muna roƙon ki zo, akwai dogon yanki kan yadda ma'aikata suka mamaye masana'antu a 1964, ke ce za ki fi mu gane abin da shugabannin ƙwadagon ke faɗa da abin da suke ɓoyewa.

Hajiya Rabi:
In Allah ya kai mu zan zo. A tanadar wa Baba kujera mai jingina, awa biyu ba wasa ba ce.

Nura Edita:
Zan zo da janareta saboda wuta. Anti Zainab, ki turo mini ta akwati inda kika ga bayanin kwafin 1973, ina so in jera ƙarshen biyu gefe da gefe in ƙirga daƙiƙa nawa aka cire.